Bayan na buga labarin jinyata a asibitin ƙwaƙwalwa

Yarinyar da ke buga takardu a wani shagon kwamfuta kusa da makarantarmu ita ce ta fara karanta littafin, kuma aiki ne ya kai ta. Littattafan rubutu uku na kai mata, irin masu falle 60 ɗin nan na 'yan makaranta, muka yi ciniki a kan kowane shafi. Dole sai ina zaune kusa da ita, domin rubutun littafi na farko ko ni da ƙyar nake gane shi. Lokacin da na yi shi hannuna rawa yake yi saboda magani. A rana ta uku ta iso wurin da mutum huɗu suka danne ni aka yi mini allura, sai na ji yatsunta sun tsaya.

"Anti, wai labarin wa ne wannan?"

"Nawa ne."

Ta yi dariya. Da ta ga ban taya ta ba, sai ta haɗiye sauran, ta ɗan ja kujerarta gefe. Kaɗan ta matsa, amma kujerar mai taya ce, ta yi ƙara, duk muka ji. Muka ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru.

Bayan kwana biyu, mai shagon ya fita sallar Azahar, sai ta rage murya ta ce, "Anti, in za a kai mutum can, ta ina ake farawa? Sai an san wani?" Yayanta ne. Shekara biyu ke nan yana kulle a ɗakin soro, ana miƙa masa abinci ta taga. Na yi mata bayanin yadda ake yankar kati, da ranar da ya fi kyau a je da sassafe, da cewa a tafi da wanda ya san yadda ciwon ya fara, domin shi likita zai fi yi wa tambayoyi. Ban sani ba a ranar, ashe abin da yarinyar nan ta yi shi mutane da yawa za su yi ta maimaitawa: a ja kujera a gaban jama'a, a dawo da tambaya in ido ya ragu.

Ciwona ya fara ne washegarin sunan ɗana na uku. Barci ya ƙaurace mini gaba ɗaya, amma ba na jin gajiya, sai ma wani ƙarfi da surutu. Kafin mako ya zagayo na tabbatar wa kaina an musanya mini jariri. Aka ce iska ce ta jego. Aka yi hayaƙi, aka yi rubutu, aka kira masu ruƙiyya har uku. Mako biyu ana wannan, har daren da Yaya ya tsinto ni a bakin titi da zani ɗaya da jinjiri a kafaɗa. Da gari ya waye shi da maigidana suka sa ni a mota. Kwana 41 na yi a gado na 9 a ɗakin mata, ranar da ya kamata in yi wankan arba'in ina can. A bakin likita na fara jin cewa ciwon sananne ne, yakan sami mace 1 ko 2 cikin duk 1,000 da suka haihu, galibi a makonni biyun farko, kuma ana warkewa. Ina malamar makaranta, da haihuwa uku, ban taɓa jin wannan ba. Wannan haushin ne ya sa da wata sista a ɗakin koyon sana'a ta ga ba na iya saƙa ta miƙo mini littafi da fensir, na karɓa. Da yamma ake karɓe fensirin. Shekara bakwai na yi kafin in kammala abin da na fara a can.

Kafin a kai ga maɗaba'a sai da na bi gida-gida neman izini. Maigidana ya karance shi a dare biyu, ya ce in cire sunayen yara, in kuma cire inda ya tsayar da mota a hanyar dawowa ya yi kuka. Na cire sunayen. Kukan kuwa muka yi ta ja har na ci nasara da rabi: motar ta tsaya a littafin, amma ba a faɗi dalili ba.

Inna ba ta karanta boko, don haka Juma'a uku na yi ina zuwa ina karanta mata, tana tsintar shinkafa a faranti. Ba ta katse ni ko sau ɗaya ba. Da na rufe shafin ƙarshe ta ture farantin ta ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Allah ya rufa miki asiri, ke kuma kin ɗauko wuƙa za ki farke rufin." Na fara yi mata dogon bayani, ta ɗaga hannu. "'Ya'ya mata biyu gare ki. Ranar da aka zo bincike, littafin nan za a miƙa musu?"

A nan ban sami amsa ba, kuma har yanzu ba na ganin Inna ta yi kuskure. Kowa ya san tambayoyin da dangin miji ke bi unguwa suna yi kafin a sa rana, kuma taɓin hankali yana sahun gaba. Abin da muka daidaita a kai shi ne in sa sunana da na kakana, in bar na Baba da na unguwa. Dabarar ba ta yi wata guda ba ta watse. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sauran aikin na zirga-zirga ne. Na nemi lambar ISBN, wato lambar rajistar littafi, a ofishin Laburaren Ƙasa, inda aka tuna mini cewa doka ta ce in an buga a kai musu kwafi 3. Mai zanen bango ya kawo mini hoton mace da gashi a tsaye, tsumma a jiki, sarƙa a ƙafa. Na ce ban yarda ba. Ya ce, "Hajiya, wannan ne fa zai sayu." Na ce a zana gadon ƙarfe da kofin roba a kan akwatin gefe, ya zana yana girgiza kai. Kwafi 500 muka buga. Mai sayar da littattafan da na fara kai wa ya jujjuya shi ya tambaya ko akwai soyayya a ciki, na ce babu, ya karɓi 20 a kan in an sayar a biya. Bai yi ƙarya ba, kasuwar littafin takarda ta faɗi tun da karatu ya koma waya. Da ba don wani gidan rediyo ya ɗauki littafin yana karantawa da dare ba, da har yau kwalayen suna ƙarƙashin gadona.

Daga nan ne magana ta fara dawo mini. A ɗakin malamai wata abokiyar aikina ta riƙe hannuna biyu ta ce, "Wallahi ba ki yi kama da su ba ko kaɗan." Yabo take yi, ni ma a matsayin yabo na karɓa, har na ji daɗi. Wani uba ya zo ya nemi a canza wa 'yarsa aji. A gidan biki na ɗaga murya a kan wata 'yar magana ta rabon abinci, irin wadda kowace mace ke ɗaga murya a kanta, sai ƙanwar maigidana ta ce a hankali, yadda kowa zai ji, "Anti, kin dai sha maganinki yau ko?" Wannan ita ce asarar da ban lissafa ba. Tun fitowar littafin fushina ya daina zama fushi, ya koma alamar ciwo.

Akwai kuma masu cankar asibiti. Da gangan ban faɗi sunansa ba. Mutanen Kano suka rantse Dawanau ce, wai sun gane bishiyar da na siffanta. (Dawanau ɗin nan da ke da babbar kasuwar hatsi, amma in yaro ya yi shirme a unguwa aka ce za a kai shi Dawanau, ba wanda ke tunanin gero.) Wata mata daga Kaduna ta ce Barnawa ce, ba tantama. Wani ya ce Kware, wani ya ce Maiduguri. Kowa da hujjarsa, kuma hujjar ba ta wuce cewa ya taɓa zaman jiran wani nasa a irin wannan barandar ba. Ban gaya wa kowa ya canka ko bai canka ba.

Malamin Islamiyyar yaranmu da kansa ya tako har gida, ya zauna a zaure tare da maigidana, aka kira ni. Cikin ladabi ya ce, "Malama, mutane sun fahimci kamar kin rena ruƙiyya." Na ɗauko littafin na nuna masa inda na rubuta cewa karatun da Inna take yi mini a kunne shi kaɗai ne ke kwantar mini da hankali a daren farko-farko. Sannan na buɗe masa shafin mai ruƙiyya na uku, wanda ya zo da dorina yana cewa aljanin yake duka. Na ce masa aljanin dai ban san halin da ya shiga ba, amma shatar a bayana ta kwana. Ya yi shiru, sannan ya ce wannan ba ruƙiyya ba ce, zalunci ne, ya kuma kawo hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Duk da haka ya so in cire shafin, kada a yi wa masu yi don Allah kuɗin goro. Ban cire ba. Ban manta da Satumbar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, wasu da tabon duka, kuma iyayensu ne suka kai su da hannunsu suna neman gyara. Mun rabu da Malam lafiya, yana nan a kan ra'ayinsa.

Wadda ta fi kowa zafi a waya wata tsohuwar nas ce da ta yi ritaya. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta ce na mayar da su gandirobobi. "Kin rubuta an ɗaure ki a gado. Kin rubuta mu nawa ne a ɗakin a daren? Kin rubuta wadda aka fasa wa gilashin ido?" Ta ce ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200 likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, kullum kuma raguwa suke yi suna tafiya waje, nas ce ke kwana da majinyaci. Da ta huce sai hirar ta yi daɗi. Ita ta ba ni labarin Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara saukar da majinyata a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, kowa tare da ɗan'uwansa guda, su zo asibiti da rana su koma cikin jama'a da dare, har yana aiki da masu maganin gargajiya. Ita ta kuma tuna mini cewa lokacin da aka ba ni gado, dokar da ke kaina ita ce dokar mahaukata ta 1958, wadda ta samo asali daga ta Turawan mulki ta 1916. Sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ta ce, "'Yata, ki yi fushi, amma ki san inda za ki ajiye fushin." Na yarda da rabin maganarta. Ƙarancin ma'aikata bai sa a kira babbar mace da "ke mahaukaciya" ba.

Sai da na sayi wani layin waya daban saboda masu kiran dare. Su ba ruwansu da ko littafin ya yi kyau. Wani direban babbar mota ya kira ni daga inda ya yada zango, ya ce a rediyon mota ya ji inda nake ba da labarin rana ta biyu da fara shan Haldol, yadda wuyana ya murɗe, harshena ya fito, idanuna suka kafe sama, har sista ta kawo Artane abin ya sake ni. Ya ce haka ya tarar da ƙanensa a asibiti shekara uku da suka wuce, ya ɗauka ƙara haukatar da shi ake yi, ya yi rigima ya sa hannu ya ɗauke shi. "Ashe maganin ne, kuma ashe yana da makari?" Ya maimaita tambayar ya fi sau uku. Na ce masa ni ba likita ba ce, ya nemo tsohon katin ya mayar da shi, ya faɗa musu duk abin da ya gani a wancan karon. Ya ce katin na nan a cikin Alƙur'anin mahaifiyarsu.

Da a ce a nan abin ya tsaya, da na ci gaba da ganin kaina a matsayin wadda ta yi jarumta.

Babin da masu saurare suka fi so shi ne na maƙwabciyata ta gado na 10. Dattijuwa ce, wuni take yi tana ninke wani zani tana warwarewa, duk likitan da ya shigo sai ta kira shi da sunan ɗanta da ya rasu, da dare kuma ta bi akwatunan mutane tana kwashe sukari. Na canza mata suna, na ga ai shi ke nan. Mai karatu a rediyo har murya ya yi mata, mutane suka yi ta dariya, ana tare ni ana cewa a ƙara ba su labarin mai sukari.

Duk wata uku nake komawa ganin likita. Wata ranar asibiti ina kan benci da katina a hannu, sai wata mata mai tsabta da lulluɓi ruwan toka ta zauna kusa da ni, ta gaishe ni da sunana. Sai da ta yi murmushi na gane ta. Muka gaisa, muka tambayi yara, na ji tana sayar da zannuwa da kayan yara a gida yanzu. Sannan ta ce:

"Malama, na ji labarinmu a rediyo. Jikata ce ta ce, Iya, wannan ai ke ce. Na gane kaina, na gane mai waƙa, na gane sista doguwa. Ke ce dai ban gani ba."

Na ce ai ni ce mai ba da labarin.

"Wadda ke ba da labarin nan ai mai duba makarantu ce ta zo zagaye. Ina wadda ta hau teburin sistoci tana kiran sallah da tsakar dare? Ina wadda ta ciji hannun metiron, shugabar sistoci? Ina wadda ta ɗauke mini matashi ta ce jaririnta ne, tana ba shi nono har ya jiƙe sharkaf? Kwana shida ina tada kai da hannuna, duk wanda ya zo karɓa in ce a bar miki."

Aka kira lambarta ta tashi ta shiga. Ni kuwa na zauna kamar an dasa ni. Abin da ya fara zuwa mini haushi ne, in faɗi gaskiya, wanzami ba ya son jarfa. Ban tuna ko ɗaya daga abin da ta lissafa ba. Kwanaki goman farko a kaina kamar an shafe allo ne, kuma maimakon in tambaya, sai na fara littafin daga ranar da na dawo hayyacina na soma kallon wasu. A motar haya ta komawa gida maganar abokiyar aikina ta dawo mini. Ba ki yi kama da su ba. To ina za ta ga kama, tunda ni na zana hoton, na tsaya a bakin taga tare da mai karatu muna leƙen na ciki? Na nemi izinin miji, na nemi na uwa, har na saurari malamin unguwa, amma matar da ta ba ni matashinta ban ga ta cancanci a tambaye ta ba.

Zuwa na gaba na roƙi likita ya buɗe fayil ɗina mu duba tare. Ya yi jim, ya tambaye ni dalili, sannan ya karanta mini abin da sistoci suka rubuta a waɗannan kwanakin, rana bayan rana, da sa'a da sa hannu. Teburin yana ciki. Cizon yana ciki, har da allurar da aka yi wa metiron saboda shi. Matashin ne kawai babu, ba wanda ya ga abin rubutawa ne. Na tsare Yaya da maigidana su ma suka faɗi nasu, da ƙyar, suna kallon ƙasa. Na kai wa Inna maganar ina tsammanin za ta yi mamaki, ta ce, "Wa kike zaton yake wanke rigunanki?"

Babi uku na sake rubutawa don bugu na biyu, kuma sun fi ba ni wuya fiye da littafin gaba ɗaya. Na sa daren da nas ɗin nan ta ce ban ƙirga su ba. Na sa hawan tebur. Da na gama na nemi gidan Iya, na tafi da lemo da sabulu, na zauna a tabarmarta na karanta mata babinta daga farko. Ta ce a cire sukari, jikokinta suna zuwa makaranta. Na cire. Kiran likitoci da sunan ɗanta ta ce a bari. Zanin ma a bari, amma a faɗi ko na mene ne: da shi ta goya yaron, shi ne kuma aka lulluɓa masa a asibiti ranar da mota ta kaɗe shi. Kwana 41 ina kallon zanin nan ana ninke shi, na cika shafi biyu da shi, ban taɓa tambaya ba.

Bugu na biyu bai yi farin jinin na farko ba. Mai sayar da littattafai ya ce mutane na cewa ya yi nauyi, an cire wurin dariyar. Abokiyar aikina ta karanta, ta dawo mini da shi a cikin leda, ba ta ce komai ba, tun daga ranar kuma ba ta sake cewa ban yi kama da kowa ba. Masu kiran dare dai ba su ragu ba, sai dai yanzu mata sun fi yawa, kuma da yawansu ba don wani suke tambaya ba.

Na kai wa Iya kwafi biyu kamar yadda ta nema, ɗaya na akwati, ɗaya na jikarta. Ta sa yarinyar ta karanta mata wurin matashin, tana gyaɗa kai. Da aka gama ta ce akwai gyara.

"Ba ki rubuta cewa matashin nawa ne na kaina ba, daga gida na zo da shi, ba na asibiti ba ne. Kuma rigarsa da kika tafi da ita ranar da aka sallame ki, har yau ban gan ta ba."

Na sa tela ya ɗinka wata na kai mata a mako na gaba. Ta jujjuya ta, ta shafa bakin ɗinkin, ta ce tata mai fulawa shuɗi ce.